Yadda ake haɗa alebrije na takarda ba tare da ya ruɓe ta ciki ba

Alebrije, wanda mutanen Meksiko ke furtawa alebrihe, dabba ce da babu irinta a doron ƙasa. Pedro Linares, mai sana'ar kwali da takarda a birnin Meksiko, ya ce a 1936 yana kwance ciwo ya yi mafarkin wani daji, ya ga jaki mai fukafukan malam-buɗe-littafi, zakara mai ƙahon sa, da zaki mai kan mikiya, duk suna kiran wannan suna. Da ya warke sai ya fara ƙera su da takarda. Waɗanda ake sassaƙawa da itacen kopal a Arrazola da San Martín Tilcajete, a jihar Wahaka, daga baya suka zo. Wancan aikin masassaƙa ne. Na takarda, wanda ake koyarwa a ɗakunan koyon sana'a na unguwa, shi zan bayyana.

Da waya ake farawa. Lanƙwasa ta da filaya ka fitar da ƙashin baya, ƙafafu, wuya da wutsiya. Ka ninka wayar ƙafafu biyu ka murɗe, domin su za su ɗauki nauyi. Kafin ka ɗora komai, tsayar da ƙwarangwal ɗin a kan tebur ka ɗan tura shi da yatsa. In ya faɗi yanzu, da takarda ma faɗuwa zai yi, musamman in ka ba shi manyan fukafukai. Daga nan ka dunƙule busasshiyar jarida ka cika ciki da kai, ka ɗaure da salatif na takarda. Kunnuwa da fukafukai a yanka su daga kwali.

Gam ɗin masu wannan sana'a shi ne engrudo, fulawa ce da ruwa kawai. Ni kofi ɗaya na fulawa nake sa wa kofi huɗu na ruwa. Dama ta da ruwan sanyi tukuna don kada ta yi gudaji, sannan a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ta yi kaurin talge. Zuba cokali ɗaya na ruwan khal, a bari ta huce. Kada ka ɓata kuɗi kan gam na kanti a wannan mataki, kuma kada ka dafa fiye da na kwana biyu, tsami yake yi.

To, ga inda na ga masu koyo suna kashe aikinsu. Takarda yayyaga ta ake yi da hannu, ba a sa mata almakashi, saboda bakin da aka yaga shi ke kwanciya ya ɓace cikin na ƙasa. Kuma ba a tsoma ta cikin gam. Da yatsu ake shafa mata, siriri, a ɗan cukuikuye ta ta yi laushi, a manna, a danne iska ta fita. Mai koyo kuwa yana ganin lokacin tashi ya kusa, sai ya labta shimfiɗa biyar a zama ɗaya. Washegari ya taɓa ya ji saman ya bushe, ya shafa fenti. Bayan mako biyu wari ya taso, baƙar fumfuna ta ɓullo ta ƙasan ciki, waya ta yi tsatsa ta ɓata launin. Na ga wata yarinya ta yi makonni uku tana gina maciji mai kan mujiya, ƙarshe sai da aka farke cikinsa aka zubar. Abin ya dame ni ƙwarai, domin aikinta ya fi na kowa kyau.

Shimfiɗa biyu a rana, ba ƙari. Ɗaya ta jarida, ɗaya ta takarda mai ruwan ƙasa irin ta buhun siminti, don ka gane inda ka tsallake. A ajiye inda iska ke ratsawa, a kan bulo ko a rataye, a riƙa juya shi. Hammata, gindin wutsiya da ƙasan wuya su ke riƙe laima. Ɗora bayan hannunka a wurin: in ka ji sanyi, da saura. Ƙwanƙwasa da farce, busasshe yana amsawa kamar ƙwarya. Shimfiɗa biyar zuwa shida ta isa ɗan ƙarami. Manyan da gidan tarihin Museo de Arte Popular ke fitowa da su jerin gwano a titin Reforma na birnin Meksiko tun 2007 suna tsayuwa ne kan ƙarfe ko kara, kada ka fara da irinsu.

Sauran mai sauƙi ne. Goge da sanfefa, shafa farin fenti sau biyu, sannan launin jiki mai ƙarfi, ruwan hoda ko shuɗi ko rawaya. Ɗigo-ɗigo da ɓawon kifi a yi su da tsinken sakace, ya fi burushi biyayya. Idanu a ƙarshe. A ba fentin kwana guda kafin a shafa banish, har da tafin ƙafafu.