Yadda ake neman takardun wasiyya da gado a Ingila

Duk wanda zai bi salsalar wani dangi a Ingila ta takardun gado, abu na farko da zai tabbatar shi ne shekarar da mutumin ya rasu, domin 1858 ce ta raba aikin gida biyu. A ranar 12 ga Janairun wannan shekara gwamnati ta karɓe tabbatar da wasiyya daga hannun kotunan coci, ta mayar da shi ƙarƙashin tsari guda na Ingila da Wales.

Idan rasuwar ta zo bayan haka, aikin da sauƙi. Akwai kundin sunaye na shekara-shekara da ake kira National Probate Calendar, wanda ake dubawa a shafin gwamnatin Birtaniya da sunan iyali da shekara, sannan a biya kuɗi a samu kwafin wasiyyar. Kundin kan ba da adireshin mamaci, ranar rasuwarsa da ƙimar abin da ya bari. A lura cewa an jera sunaye ne bisa shekarar da kotu ta tabbatar da wasiyya, saboda haka wanda bai ga suna a shekarar rasuwa ba ya ƙara shekara biyu ko uku gaba kafin ya haƙura. Har wanda ya mutu a ƙasar waje yana ciki muddin ya bar dukiya a Ingila, kamar jami'in mulkin mallaka da ajali ya riska a Zungeru ko Lakwaja.

Kafin 1858 ne ake shan wuya, don kotunan coci sun haura ɗari biyu, kuma inda dukiyar take shi ke nuna kotun da za a nufa. Wanda ya bar kayan da suka kai fam 5 a yankin bishof fiye da ɗaya, maganarsa takan tafi babbar kotun Canterbury ko ta York. Wasiyyoyin Canterbury, daga 1384 zuwa 1858, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke unguwar Kew ta Landan, a rukunin PROB 11, kuma ana samunsu ta intanet. Na York suna cibiyar Borthwick a jami'ar garin. Tsakanin 1653 da 1660, lokacin da aka dakatar da kotunan coci, a Landan aka tabbatar da komai, kuma takardun suna cikin na Canterbury. Na fi ganin a fara da Canterbury saboda sauƙin bincikenta, amma kada a tsaya nan, domin wasiyyar ƙaramin manomi ko maƙeri galibi tana ma'ajiyar gundumarsu.

In takardar ta zo hannu, a karanta ta daga farko har sa hannun shaidu. Mu da muka saba da rabon gado mai ƙayyadadden kaso, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi, za mu iya zaton duk magaji zai bayyana, alhali babban ɗa kan ɓace daga takardar don gona ta riga ta zama tasa. Kalmomin dangantaka na Turanci ma suna yaudara: wadda yau take nufin suruki, a da tana iya nufin agola. Matan aure ba kasafai suke barin wasiyya ba kafin dokar 1882 da ta ba su ikon mallakar dukiyarsu, sai dai zawarawa da waɗanda ba su yi aure ba, kuma su ne suka fi lissafo 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, har da wadda za a ba zobe da wadda za a ba tukunyar tagulla.

A kula da kwanan wata, domin kafin 1752 shekara tana farawa ne ranar 25 ga Maris, kuma bayanin kotu da ke ƙasan wasiyya da Latin ake rubuta shi kafin 1733. Wanda ya rasu ba wasiyya, a nemi takardar izinin kula da dukiyarsa, ko rajistar harajin gado ta 1796 zuwa 1903 da ke Kew a rukunin IR 26, wadda sau da yawa take faɗin dangantakar kowane magaji da mamacin.