Yadda ake sa wa ƙarin da ya fito a nono alama kafin tiyatar da ba a cire nono

Ƙarin da hannu ba ya ji, likitan fiɗa ma ba zai gan shi da ido ba in ya buɗe. Sai an sa masa alama tukuna.

Aikin yana farawa ne ranar da aka ɗebi tsoka don gwaji: a bar ɗan kilif na ƙarfen titaniyam a cikin ƙarin. Wannan ya zama dole ga matar da za a fara ba ta kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, kafin tiyata, domin ƙarin na iya narkewa har ya ɓace a hoto, alhali dole a cire gurbinsa. In babu kilif, a zana iyakar ƙarin a fata da tawada mai zama kafin zagayen farko na maganin.

Ranar tiyata ake sa waya mai ƙugiya. Bayan allurar kashe zafi, a shigar da allurar da wayar ke ciki ana kallo da na'urar sikan ko mamogiram (hoton X-ray na nono), a kwance daidai da bangon ƙirji, kada ta huda huhu. Bakin wayar ya ratsa ƙarin, ya wuce da abin da bai fi santimita 1 ba. A ɗauki mamogiram ta fuska 2 a tabbatar, a lanƙwasa ragowar wayar a liƙe da filasta. A nono mai kitse da yawa ƙugiyar kan zame, don haka kada a bar mara lafiya tana ta kai da komo. Idan ɗigon alli, wato ƙananan fararen ɗigo da ake gani a mamogiram, ya bazu, a sa waya 2 su kama gefe da gefe.

A tsaga fata a saitin ƙarin. Bin waya tun daga inda ta shiga yana ɓarnatar da lafiyayyen nama. A kiyaye wuƙar lantarki, tana yanke waya.

Inda akwai Magseed, ƙwayar ƙarfe mai tsawon milimita 5 da ake sawa a ƙarin maimakon waya, ana iya sa ta kwanaki kafin aiki, amma kayan ƙarfe suna rikita na'urar da ke nemo ta, sai a koma na roba.

Da an ciro naman, a ɗinka gajeren zare a gefen sama, dogo a gefen hammata don a gane kowane gefe, a ɗauki hotonsa na X-ray kafin a rufe ciwon. A ga ƙarin, kilif da ƙugiya duka a ciki. Gefen da ƙarin ya matsa kusa, a ƙara yankowa nan take, a aika ɗakin gwaji da sunan gefen a rubuce.