Interrail ko tikitin kowace tafiya: ga wanda ya sauka Turai kwanan nan

Duk sabon zuwa, da zarar katin zama ya fito, sai zumunci ya motsa. Ga kawu a Brussels, ga abokin makaranta a Paris, ga wata yaya a Milan da ta ce lallai a zo mata Sallah. Daga nan sai wani ya ce maka ai ka sayi Interrail kawai, kati ɗaya ƙasashe 33. Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa maka zancen ba.

Interrail tikitin jirgin ƙasa ne na kuɗin goro. Tun 1972 ake sayar da shi ga mazauna Turai, kuma inda kake zaune ake dubawa, ba fasfon da ka riƙe ba. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar mai izinin zama a Jamus Interrail zai saya. Baƙon da ya zo daga gida da bizar ziyara, nasa sunansa Eurail. Kwanakin tafiya kake saye: 4, 5 ko 7 a cikin wata ɗaya, 10 ko 15 a cikin wata biyu. Ranar da ka kunna a manhajar Rail Planner, ka hau jirage iya son ranka har tsakar dare.

To ga inda gizo ke saƙar. Katin kwana 4 na babba a aji na biyu ya kai wajen Yuro 280, wato kowace rana ta ci maka kusan 70. Alhali in ka san ranar tafiyarka tun da wata biyu, kamfanin jiragen Jamus, Deutsche Bahn, na da tikitin rahusa da suke kira Sparpreis, wanda sau da yawa bai kai rabin wannan ba, har zuwa Amsterdam ko Vienna. Sharaɗinsa ɗaya: jirgin da ka zaɓa shi za ka hau. Ka makara, kuɗinka ya bi ruwa. Mu kuwa da muka saba da tashar mota, inda sai ta cika take tashi, wannan darasi yakan zo mana da zafi a karon farko.

Sai kuɗin kujera, wanda masu tallar katin ba su cika ɗaga murya a kansa ba. A Jamus, Ostiriya, Holan, Beljiyam da yawancin jiragen Suwizalan, kana da kati sai ka shiga ka nemi wuri. A Faransa kuwa ba ka hawa TGV, jirginsu mai tsananin gudu, sai ka kama kujera da ƙarin Yuro 10 zuwa 20. Haka takwarorinsa, Frecciarossa a Italiya da AVE a Sifaniya; jiragen dare ma sai ka kama wuri. Jirgin Eurostar zuwa Landan ya fi TGV na cikin Faransa tsada, kuma kujerun da aka ware wa masu kati kaɗan ne, lokacin hutun bazara sukan ƙare tun da wuri. Jiragen Ouigo da Italo, masu arahar nan, ba su karɓar katin sam. Saboda haka mai shirin Paris da Milan da Barcelona ya zauna da biro ya tara kuɗin kujerun nan a kan na kati kafin ya ce ya yi riba.

Wani abin da ke kama mutane: a ƙasar da kake zaune, katin na aiki kwana biyu ne kacal, ranar fita da ranar dawowa. Ba za ka zagaya Jamus da shi ba in a Hamburg kake. Don zirga-zirgar cikin gida akwai Deutschlandticket da aka fara a watan Mayun 2023, na wata-wata, amma ƙananan jirage da bas kawai yake ɗauka, ban da ICE, jirgin Jamus mai tsananin gudu.

Ni a ganina katin na amfanar mutum uku. Wanda bai san ranar da za a sallame shi ba, domin kowa ya san ziyarar dangi, ka je da niyyar kwana biyu a riƙe ka biyar. Sai ɗalibi, tunda mai shekara 27 zuwa ƙasa yana da rangwame. Sai mai iyali, domin yaran da ba su kai 12 ba kyauta suke bin babba, har biyu ga kowane mutum. In kuma Suwizalan na cikin hanyarka, inda tikitin da ake saya dab da tafiya ke da tsadar gaske, katin kan mayar da kuɗinsa da sauri. Wanda zai je gari ɗaya ya dawo, ko zai bi ta Poland da Hungary inda tikiti ke da sauƙi, ya bar katin ya sayi nasa daban, ko ma ya leƙa farashin bas ɗin kamfanin FlixBus.

In za ka sayi tikiti daban, yi ƙoƙari tafiyar duka ta kasance a tikiti guda. Jirgin farko ya yi latti ka rasa na biyu, dole su ɗora ka a na gaba, kuma dokar Tarayyar Turai ta ba ka kashi 25 na kuɗinka in jinkirin ya kai awa ɗaya, kashi 50 in ya kai awa biyu. Ka yayyanka tafiyar a kamfanoni daban don neman araha, na biyun yana iya cewa ba ruwansa.

Kuma kati ba biza ba ne. Izinin zama a ƙasar Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, yana ba ka kwana 90 a cikin 180 a sauran ƙasashen yankin, amma Ingila da Ireland ba sa ciki, tun a tasha ake duba fasfo kafin a hau Eurostar. Wanda ke jiran hukuncin neman mafaka kada ya tsallaka iyaka ko da jirgin minti ashirin ne. Tun Satumban 2024 'yan sandan Jamus ke bincike a duk iyakokin ƙasar, kuma cikin jirgi suke shiga, don haka fasfo da katin zama su kasance a aljihunka, ba a akwatin da ka ɗora can sama ba.