Yadda ake fara jinya da kiɗa da waƙa a Legas

Jinya da kiɗa ba kunna wa mara lafiya waƙa ba ce don ya ji daɗi. Ƙwararre ne ke amfani da sauti don cimma wani buri da za a iya aunawa: mai shanyewar ɓarin jiki ya furta kalma, mai cutar makyarkyata ya daidaita taku, yaro mai galahanga ya koyi jiran layinsa, tsoho mai gigin tsufa ya rage firgita da yamma.

Ta hannun likita ake farawa. Wanda ke zuwa LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba ko asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ya nemi likitansa ya rubuta masa takarda mai bayyana ciwon da abin da ake son gyarawa. Sannan a tambayi mai jinyar, wato ƙwararren da zai yi aikin, inda ya yi karatun wannan fanni, a ga shaida da ido. Iya kaɗa jita kaɗai bai mai da mutum ma'aikacin lafiya ba.

Zaman farko na tantancewa ne, minti 45 zuwa awa guda. A zo da takardar likita da sunayen magunguna, a faɗi in akwai farfaɗiya ko matsalar ji. Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne jerin waƙoƙin da majinyacin ya taso da su, musamman tsakanin shekara 15 zuwa 25, domin su ne suka fi zama a ƙwaƙwalwa. Dattijon da ya yi shekara arba'in a Agege zai yiwu kalangu da waƙoƙin gidan rediyon Kaduna ne kawai ke motsa shi. A kuma ambaci waƙar da ke tuna masa rasuwa, kada a kunna ta bagatatan. Wanda ba ya son kayan kiɗa saboda addini ya faɗa tun ranar. Ana iya aikin da murya zalla, da tafi, da ƙasida.

Daga nan sai a rubuta buri biyu ko uku, a tsayar da zama sau ɗaya ko biyu a mako, minti 30 zuwa 50, da ranar da za a duba ci gaba.

A wajen wanda magana ta ɗauke masa, ana ɗaukar gajeriyar jimla kamar "ba ni ruwa", a rera ta a hankali da sauti biyu, sama da ƙasa, mai jinya yana taɓa hannun majinyacin na hagu a kan kowace gaɓa. Su rera tare, sai mai jinya ya riƙa janye muryarsa har majinyacin ya ƙarasa shi kaɗai. Hausa harshe ne mai karin sauti, to in mai jinyar Bayarabe ne da ba ya jin Hausa, wani daga gida ya furta masa jimlolin daidai, in ba haka ba za a koya wa Baba karin da ba nasa ba. Sai dai ɗan rakiyar ya kama bakinsa lokacin da ake jiran amsa. Yawan cewa "Baba, ka ce ruwa mana" na hana shi ƙoƙari.

Wajen tafiya, ana ƙirga takun mutum a minti ɗaya, a saita bugun kiɗa daidai da shi, sannan a ƙara da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Gaggawar ƙarawa ke kawo tuntuɓe, don haka kada a gwada a gida sai da mai riƙe shi.

A zaɓi lokacin da hanya ta yi sauƙi. Yaron da ya sha awa biyu a danfo daga Mile 12 zai iso a gajiye, zaman ya tashi a banza. In a gida za a yi, a nisanci janareto, a kashe talabijin. Magani da gashin ƙashi kuwa suna nan yadda likita ya tsara, ba a dakatar da su.