In hannunka na mutuwa duk sanda ka ɗaga shi sama, ga abin yi

Akwai wani ɗan lungu tsakanin ƙashin nan da ya kwanta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko, ta nan jijiyoyin da ke kai saƙo hannu da manyan jijiyoyin jini suke bi, to in wurin ya matse sai ka ji hannu na mutuwa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kamar ana tsira maka allura, wani sa'in kofin shayi ma sai ya suɓuce maka. Masu fenti da masu aikin silin sun san zancen, haka tela da ke wuni a sunkuye kan keke. Wani kuma bayan hatsarin mota ya same shi, wani da ƙarin haƙarƙari a wuya aka haife shi.

Fara gwadawa a gida. Ɗaga hannu biyu kamar wanda aka ce ya yi saranda, ka riƙa dunƙulewa kana buɗewa har minti 3. In ciwon ya taso ko hannun ya yi nauyi ka kasa kaiwa, je ka ga likita, don gwajin kaɗai ba ya tabbatarwa, ciwon ƙashin wuya ma yana kawo irin haka.

Kafin nan, don Allah sauke jakar laptop ɗin nan da kake ratayawa a kafaɗa ɗaya, kuma a daina kwana da hannu a saman kai. Tsaya a bakin ƙofa, dafa gefe da gefe, ka ɗan turo ƙirji gaba har ka ji ya miƙe, sakan 20 zuwa 30 ya isa. Sai ka ja haɓa baya, ka matse allon kafaɗu biyu kamar za ka riƙe biro a tsakani. A hankali fa, in mutuwar hannun ta ƙaru ka tsaya. Ni dai ban yarda da masu murɗa wuya har ya yi ƙas ba, gara ka je wajen masu fisiyo, wato masu yi wa mutum magani da motsa jiki a asibiti, yawancin mutane da shi suke samun sauƙi ba sai an kai ga tiyata ba.

Amma in hannun ya kumbura farat ɗaya, launinsa ya canza, ko ya yi sanyi ƙalau, wannan alama ce ta toshewar jijiyar jini, ba maganar man zafi ba ce, asibiti za ka wuce a ranar.