Yadda Ake Zaunar da Windows da Ubuntu a Kwamfuta Ɗaya Ba Tare da Asara Ba

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ake yawan tambayata a nan Kaduna yadda za a saka Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta na dangin Linux, a gefen Windows, musamman ɗalibai masu riƙe da kwamfutoci 'yan Beljiyam waɗanda ba su da TPM 2.0, wato ɗan ɓangaren tsaron da Windows 11 ke buƙata. Aikin ba shi da wahala, amma yawancin ɓarnar da nake gani tana faruwa ne saboda an fara yanka faifan ajiya ba a san tsarinsa ba.

Da farko ka kwashe duk abin da kake ji da shi zuwa wani faifan na waje, sannan ka tabbatar batirin ya cika, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar matsar da yanki, wato ɗaya daga cikin sassan da aka raba faifan, abin da ke cikinsa na iya lalacewa.

Daga nan ka rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows, ka duba ko kwamfutar tana tashi ne ta sabuwar hanya, UEFI, ko ta tsohuwar hanya, Legacy. Duk wadda ka gani, ita za ka bi lokacin da kake haɗa filashin saka Ubuntu da manhajar Rufus. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe, domin idan Windows yana kan UEFI aka saka Ubuntu ta Legacy, GRUB, wato jerin zaɓin da ke bayyana idan an kunna kwamfuta, ba zai ga Windows ba, sai mai kwamfuta ya ɗauka an goge masa komai alhali kayansa suna nan.

Sai batun taswirar faifan, wadda iri biyu ce. GPT tana ɗaukar yanki har 128 a Windows, ita kuwa tsohuwar MBR manyan yankuna 4 kawai take yarda da su, kuma ba ta wuce 2TB. Wasu kwamfutocin HP na zamanin Windows 7 sukan zo da duka huɗun a cike, shi ya sa ko ka ware fili, Ubuntu zai nuna maka cewa ba ya amfanuwa. Mafita ita ce ka kwashe abin da ke cikin yanki ɗaya ka goge shi, ka buɗe faɗaɗɗen yanki, wanda ake iya sake rarrabawa, a gurbinsa, ko kuma, bayan ka goge yankin, ka juya faifan zuwa GPT da umarnin mbr2gpt idan kwamfutar tana da UEFI, sannan ka sauya mata hanyar tashi. Idan Windows ya nemi ya mayar da faifan «Dynamic», kada ka amince ko kusa.

Filin da za ka ba Ubuntu daga cikin Windows za ka rage shi, ta diskmgmt.msc, wurin da Windows ke sarrafa yankunan faifai. Ubuntu yana neman 25GB, amma a ganina 60GB ya fi kwanciyar hankali. Ka kashe Fast Startup, domin yana barin faifan kamar ƙofar da aka saya ba a kulle ba, sai Ubuntu ya ƙi yin rubutu a ciki. In akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda tukuna. Yayin sakawar kuma kada ka wanke ɗan ƙaramin yankin EFI, wanda galibi bai wuce 100MB zuwa 260MB ba, don da shi Windows ke tashi.

Idan ka gama kwamfutar ta wuce kai tsaye zuwa Windows, ka sake kunna ta kana danna F9 a HP ko F12 a Dell ka zaɓi Ubuntu, daga baya ka ɗora shi a sahun gaba na jerin tashi. In GRUB ne ya lalace, ka tashi daga filashi ka gyara da Boot-Repair.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yanki ya ɓace, ko Windows ya nuna shi a matsayin RAW yana neman a wanke shi, wato a yi masa format. Wata ɗaliba daga Tudun Wada ta taɓa kawo mini irin wannan, idonta ya yi jawur, kundin kammala karatunta duk yana ciki. Allah Ya taimake ta ba ta danna komai ba. Muka tashi daga filashi, TestDisk, abin da ake gano ɓataccen yanki da shi, ya binciko tsohuwar iyakar yankin, muka mayar da ita cikin taswira, fayilolinta suka dawo cif. Da ta saka wani abu a wurin, da labarin ya sha bamban.

Za ka kuma iya ganin agogon Windows ya koma baya da awa 1 bayan ka fito daga Ubuntu, saboda Linux yana ajiye lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuwa a Najeriya muna gabansa da awa guda. Ka buɗe Terminal a Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka saita agogon Windows sau ɗaya.