Yadda zaka bi tarihin ƙauyen Corbridge da ƙafarka

In Allah ya kai ka arewacin Ingila kar ka tsaya a Newcastle kawai, hau jirgin ƙasa zuwa Corbridge, ƙauye ne a bakin kogin Tyne. Dabarar gane tarihinsa guda ɗaya ce, ka riƙa bin duwatsun ginin garin, domin mutanen wurin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar duwatsun Rumawa suna gina nasu da su.

Fara da yammacin ƙauyen, inda Rumawa suka kafa sansanin soja wajen shekara ta 85 miladiyya, suna ce masa Coria, tun kafin sarkin Rum Hadriyan ya sa a fara doguwar katangarsa da ta ratsa arewacin Ingila a 122. Sun zaɓi wurin ne saboda manyan hanyoyinsu biyu sun haɗu a nan, Dere Street da ta taso daga York ta nufi arewa, da Stanegate da ta miƙa yamma wajen Carlisle. Ka tsaya sosai a rumbunan hatsinsu ka duba yadda suka ɗaga daɓen daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa kar hatsi ya ruɓe, wallahi aikin hankali ne. A gidan adana kayan tarihin wurin zaka ga sulken soja da aka tono cikin wani akwati a 1964.

Daga nan sai ka koma cikin gari majami'ar St Andrew, ka ɗaga kai ka kalli bakan ginin dutse da ke ƙarƙashin hasumiyarta, na Rumawa ne aka ɗauko aka sake jerawa. A harabarta akwai wata hasumiyar ta ƙarni na 14 da limamin cocin ke fakewa ciki in mayaƙan Sikotlan sun kawo hari, don sun ƙone garin a 1296 da 1312, ita ma da duwatsun Rumawa aka yi ta.

In kana neman takardu kar ka ɓata lokaci da littafin Domesday na 1086, wato kundin ƙidayar filayen Ingila, bai shafi yankin Northumberland inda Corbridge yake ba.

Gadar da ka haye daga tasha an gina ta a 1674, ita kaɗai ta tsira a kan Tyne a ambaliyar 1771. In rana bata faɗi ba ka ƙarasa garin Hexham da ke kusa, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocin can da duwatsun Coria aka gina shi a ƙarni na 7, har da rubutun Latin a jikin wasu.